Malamar da Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yau shugabar makaranta ce ta rubuto miki, ba yayarki ba, tunda kwana uku ke nan ko ofishina ba kya leƙowa.

Iyaye bakwai sun kawo ƙararki. Wai yaro ya tambaye ki me ya sa inuwa ke gajarcewa da tsakar rana, kika buɗe baki kika ce, "Ban sani ba, ku je ku gano." Malama guda! Na leƙa ajin da kaina: allo fes, kujeru a hargitse, yara arba'in a fili suna auna inuwar sanda da igiya. Ni na tsaya miki aka ɗauke ki, ga shi kin sa ana nuna ni da baki.

Kwamiti zai zauna ranar Laraba. Ki rubuta takardar ban haƙuri, ki koma rubuta musu darasi a allo suna kwafa, in ba haka ba aikinki ya tafi.

Wassalam,
Yayarki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, amma wallahi raina a ɓace yake.

Na san amsar mana! Ke ma kin san na sani. Cewa na yi ban sani ba don su daina kallon bakina. Yaro ba buhu ba ne da za a ɗura masa hatsi a ɗinke. Da saninsa yake zuwa daga gida, a kansa yake ɗora sabo, kuma abin da ya gano da hannunsa shi ke zama. Ko girki Inna ba a takarda ta koya mana ba, sai da kika ƙona mata tukunya biyu.

Kin tambayi yaran abin da suka gano? Ko ɗaya ba ki tambaya ba, shafukan littafi kika ƙirga kika fita. Ba zan ba da haƙuri a kan abin da ba laifi ba. Su zauna ɗin.

Ki huta lafiya,
Ƙanwarki

Auta,

Salamu alaikum. Taurin kanki ya ja miki. Kwamiti ya sallame ki, kuma ni na sa hannu. Na yi kuka, in kina son sani.

Ni na karɓi ajin yau. Na rubuta musu cewa abu mai nauyi yana nutsewa a ruwa, marar nauyi yana tasowa. Sai wata 'yar firit a layin baya ta miƙe, wai, "Malama, allura ta fi bahon wanki nauyi ne? Ai ita ke nutsewa." Na daka mata tsawa ta zauna. Ajin nan kaf suka ajiye biro suna kallona. Kin lalata su, sun daina yarda da babba!

Gobe da safe zan sake shiga. Ki rubuto min bayanin allurar nan a taƙaice, kada kowa ya gani.

Yayarki

Yaya,

Na gaishe ki. Da safe kin kore ni, da yamma kina neman satar amsa?

Ba zan rubuto ba. Ki fara ba yarinyar nan haƙuri a gaban ajin, sannan ki tambaye ta me take zato. Ba ta da nisa da amsar.

A aiko min da dardumata, tana bayan ƙofar ajin.

Ƙanwarki