A Buɗe Mana Filin Shan Ruwa Kafin Wata Ya Tsaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Hanyoyi da Filaye na yankinmu,
daga Dar Salam, Omdurman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, bari in fara da yabo, tunda yabon gwani ya zama dole. Sa'adatak, ranka ya daɗe, shagunan ƙarfen nan da kuka jera a bakin kwaltar Dar Salam sun yi kyau. Shuɗin fentinsu har ɗaukar ido yake yi. An haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ko akuya ba ta samun kafar wucewa, balle mota. Ranar da aka yanke ƙyalle na zo, na tsaya daga baya, na tafa da hannuna biyu. Na daɗe a kasuwa, amma ban taɓa ganin shaguna masu natsuwa irin waɗannan ba: rabinsu har yau ba a ji ƙarar buɗe ƙofarsu ba. Allah ya ƙara basira.

Sunana Musa Abakar, amma daga kasuwar Suk al-Arabi har ta Suk Libya sai ka ce Musa Birki za a nuna maka ni. Mahaifina auduga ya tsinta a Jazira har bayansa ya lanƙwashe. Ni kumsari na taso, wato kwandasta, ina rataye a ƙofar hafla, bas ɗin haya, ina ƙyasta yatsa fasinja na miƙo kuɗi. Daga nan na koma sayar da tayoyi. Tsakanin ƙofar hafla da rumfar taya na ga jinin da ya ishe ni. Da na ɗan sami sarari na shiga karatun yamma, na karɓi takardata, na buɗe ofishin ba da shawara kan kiyaye haɗarin hanya. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗaki ɗaya ne da fanka.

Da 'yan raksha na fara, masu keke mai ƙafa uku, a gindin darbejiya, ina saya musu shayi don su zauna su saurare ni. Kasuwa ta koya mini cewa ba a sayar wa mai mota tsoron mutuwa, don kowa gani yake ba shi ba ne. Amma ka ce masa motarsa za ta kwana mako guda a tsare ba ta kawo ko girshi ba, nan take zai gyara zama. Da wannan na samu masu motocin burodi, na samu masu ɗaukar 'yan makaranta, daga ƙarshe ƙungiyar masu hafla na layin Dar Salam suka ɗauke ni. Har na ɗauki ma'aikata biyu. Ba zan ɓoye maka ba, akwai tuwona a cikin wannan magana. Amma ka karanta zuwa ƙasa, ka ga ko tuwon kaɗai ne.

Na ɗaya. Mutanen unguwarmu yawancinsu daga Jazira suka taso, kuma ba su bar al'adarsu a gona ba. Idan azumi ya kama, ba namijin da ke shan ruwa a cikin gidansa. Ana shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, kowane gida ya fito da tirensa, tuwon asida da miya, dafaffen wake, dabino, da hilu-mur mai sanyi na jiƙa maƙoshi. Rana na shirin faɗuwa dattawa za su warware rawunansu, su ƙulla su, su ja daga wannan gefen kwalta zuwa wancan, su tare duk motar da ta taho. A wurinsu matafiyi ya wuce ta ƙofarka da azumi a bakinsa abin kunya ne da ake goranta wa jikoki. A ƙauye motar da ke wucewa a wannan lokaci ba ta da yawa. A nan kuwa haflolin da suka taso daga Suk al-Arabi ne, a cike, direba bai sha ruwa ba tun asuba, yana tsere da ladan, kuma hanyar ta miƙe yamma, rana tana cikin idonsa tsundum. Farin rawani da farar jallabiya a cikin wannan haske, sai ka zo kansu kake ganinsu.

Na biyu. Ban je na ce wa dattawa su bari ba. Wanda ya ce wa mutumin Jazira ya daina tare baƙo, ya zage shi ne a fakaice. Akwai wani fili a gefen hanya, ba na kowa ba, inda hafla uku za su iya sauka daga kwalta su tsaya. Na roƙi masu hafla da shugaban tasha, suka yarda duk motar da magariba za ta riska a hanya ta shiga wannan fili da kanta. Na kai wa Baba Isyaku maganar, shi ne babban masu tabarma, abokin mahaifina tun suna gonar auduga. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, wanda ya kawo kansa ai mai ciniki ne. Baƙo kama shi ake yi." Sai da muka yi zama uku kafin muka sami mafita. Rawani zai tashi kamar kullum, amma a ɗaure a kan doguwar gora, ana kaɗa shi daga gefen hanya, ƙafar kowa ba ta taɓa kwalta. Direbobi kuma suka yarda su riƙa yin kamar an kama su. Mutum zai rage gudu tun daga nesa, ya shigo fili yana mita, wai sauri yake, iyali na jira. Baba Isyaku ya dafe ƙofar mota ya rantse da sakin matarsa in ba a sauko ba. Direba ya sauko yana cewa, "Ya Hajj, ka bar baiwar Allah a ɗakinta, ga ni." Kowa ya san wasa ne, kowa kuma ya fita da mutuncinsa. Azumi uku muka yi a haka, ko ƙwarzane ba a samu ba. Wannan aiki ban karɓi komai a kansa ba, amma shi ya yi mini suna, shi ya kawo mini rabin masu hulɗa da ni.

Na uku. Wannan filin ne kwamitinku ya yanka ya dasa wa shaguna, gab da azumin bara. Na zo ofishinka tun ana auna ƙasa. Aka ce kana taro. Na dawo, aka ce ka tafi ta'aziyya. Na sake dawowa, wani matashi mai kirki ya ba ni shayi, ya ce a rubuce ake kawo irin wannan. Na rubuta. Allah ya sa takardar ta yi wa wani amfani, ko da naɗe gyaɗa ne.

Wata ya tsaya, ba fili. Mutane ba su daina azumi don an gina shago ba, ba su kuma daina tare baƙo ba. Tabarmi suka koma ɗan ziririn da ya rage tsakanin bangon shaguna da kwalta. Hafla ba ta da inda za ta sauka, gora ta zama ba ta da amfani, rawani ya koma tsakiyar hanya. Na bi su gida gida, na roƙa. Suka ce, to ina za mu kai baƙin? 

A goman tsakiya, saura ƙiris a kira salla, Baba Isyaku ya taka kwalta da bakin rawani a hannunsa. Motar Usta Adam ce ta taho, direban da ya fi kowa bin maganata, wanda ya sha cin asida a tire ɗaya da dattijon. Bai gan shi ba sai da ya zo kansa. Ya taka birki, birkin lafiyayye ne, ni na duba shi. Bai isa ba. Dattijon ya cika kafin a kai shi asibiti, da azuminsa a bakinsa, dabinon da zai miƙa wa baƙi na cikin aljihunsa. A wurin zaman makoki 'ya'yansa suka tashi a gaban jama'a suka ce sun yafe, ba sa neman diyya. Usta Adam bai sake zama a bayan sitiyari ba. Yanzu ruwa yake sayarwa a amalanken jaki, kuma in zai je gida zagayawa yake yi ta bayan unguwa don kada ya bi ta wurin.

Na huɗu. Bayan salla kwamitinku ya motsa, kuma da sauri, a yaba muku. Aka fitar da umarni an hana shimfiɗa tabarma kusa da hanya. Aka kuma aiko mini da takarda cewa ofishina ne ya saba wa jama'a da cin abinci a bakin kwalta, don haka an dakatar da izinin aikina sai an gama bincike. Sa'adatak, tun ban zo duniya ba mutanen nan ke ci a bakin hanya. Ni janye su na yi daga kan kwalta, shagunanku suka mayar da su. An bar jaki ana dukan taiki. Binciken kuma har yau ba wanda ya zo ya tambaye ni ko sunan ubana. Masu motocin makaranta sun janye, ba na ganin laifinsu, wa zai ba da 'ya'yan mutane ga ofishin da hukuma ta sa wa alama? Ma'aikatana biyu na sallame su. Fankar ce kaɗai ba ta san an dakatar da mu ba.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na fito da maganar fili maimakon in ci gaba da shan shayin ofishinka. Yau muna cikin Sha'aban. 'Ya'yan Baba Isyaku sun yi alkawari bana tabarmarsu sai ta fi ta kowace shekara, sadaka ga mahaifinsu, kuma a daidai inda ya faɗi. Babbansu ya ce mini rawanin uban na nan an wanke an ajiye, shi zai riƙe. Na faɗa masa akwai umarnin hukuma. Ya yi mini irin kallon da ubansa ya taɓa yi mini, ya ce, "Kawu Musa, umarnin ya zo ya sha ruwa tare da mu." Na san mutanen nan. Takarda ba ta tsayar da su. Rana kuma ba ta canza wurin faɗuwa ba.

Saboda haka ga roƙona. A ɗage shagunan tsakiya, waɗanda ba a taɓa buɗewa ba, a samu mashiga da mafita, ko da na wata ɗaya ne. Ƙarfe ne, a ajiye aka ajiye su, masu hafla sun ce su za su kawo motar ɗauka. A sassauta umarnin tabarma, a mayar da shi umarnin inda za a shimfiɗa ta. Izinin ofishina kuwa, in za a maido mini da shi na gode, iyalina ma sun gode. In kuma sai an zaɓi ɗaya, a riƙe izinin a ba mu filin. Na iya sayar da taya, ban manta ba. Daga ƙarshe ina roƙon ka zo da kanka wata yamma, ba da rakiya ba, ka tsaya a gaban shagunan ka fuskanci yamma lokacin da rana ke sauka, ka gaya mini abin da kake iya gani a kan kwalta. Gani ya kori ji.

Allah ya jiƙan Baba Isyaku, ya sanyaya zuciyar Usta Adam. Kai kuma Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta masu faɗa maka gaskiya, ya kai ka azumi lafiya, ya tsare ka da iyalinka a kan kowace hanya.

Wassalam.

Naka, Musa Abakar (Musa Birki), Dar Salam.

Af, na manta ban tambaya ba. In filin bai buɗu ba, shi jami'in da za ku turo da magariba ya naɗe tabarmar marayun nan, a ina zai sha ruwa?