Gaisuwar da Baba Bai Amsa Ba

Lyon, Faransa, daren Talata.

Na gaji, amma sai na rubuta wannan. Yau an yi wa wani dattijo ɗan Damagaram aiki a asibitinmu. Mun ba shi kurar, dafin kibiyar nan da ya zama magani, mai kashe jiki har numfashi sai da na'ura. Bayan aikin na duƙa na ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Bai motsa ba, sai hawaye. Nan na gane: ya farka, amma maganin bai sake shi ba. Na ruga na kira likita, aka ba shi makari.

Da la'asar ya sa aka kira ni. Na zaci faɗa zan sha.

Ya ce, "'Yata, ɗazu kin gaishe ni ban amsa ba. Ki yi haƙuri. Jiki da sauƙi."