Mijina ya saka ciwona a bakin matar cikin fim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, don ranar za a zo ɗaukar 'yata.

A Dilimi nake aure, shekara uku, 'yarmu ɗaya mai wata goma sha ɗaya. Mijina fassarar finafinai yake yi a wani situdiyo wajen Terminus, shi ke tsara abin da kowa zai faɗa da Hausa, kuma kun san masu fassara, rabin maganar daga kansu suke ƙarawa don ta yi armashi.

Bayan na haihu na yi wani ciwo da ban taɓa faɗa wa ko mamata ba. Gani nake za a sace min jaririya, har ɗankwali nake ɗaurawa daga ƙafarta zuwa hannuna, in riƙa cewa, "Ku duba min yatsunta, an canza min ita." Shi kaɗai ya sani sai likita. Ya kai ni asibiti, na sha magani, na samu sauƙi, kuma ya rantse min maganar ba za ta fita ba.

Watan jiya suka saki fassarar wani fim ɗin ƙasar Filifin da ya karɓu sosai, labarin mata ce da mijinta ke canza mata ƙwayoyi a ɓoye, don a ce ta haukace ya ƙwace ɗansu. A gidan kitso na fara gani a wayar wata. Mata ana ta musu, wasu na cewa dama can da motsi a kanta, wasu na tsine wa mijin, kowa kuma na yabon mai fassara, wai kamar a gabansa aka yi. Ina cikin jin daɗi ana yabon mijina sai matar cikin fim ɗin ta rungume yaron ta ce, "Ku duba min yatsunsa, an canza min shi." Har maganar ɗankwali sai da ya saka mata, ita da ko ɗankwali ba ta ɗaurawa. Na karanta Turancin da ke ƙasa, wayarta kawai take tambaya.

Da na tare shi bai ma musa ba. Ya ce wurin ne ya yi lami, ogansu ya ce a ƙara masa gishiri, kuma ai bai ambaci sunana ba. Na ce masa wato zama ya yi ya zaɓi ranar da na fi kowace wulaƙanta ya sayar. Ya ce ina da saka abu a rai, in bi a hankali kar ciwon ya dawo. Wallahi wannan ta fi fim ɗin ƙona min rai.

Ashe ƙanwarsa ta taɓa ganin ɗankwalin lokacin wankan jego, ta yi shiru. Tana kallon fim ɗin ta haɗa, ta kai wa Hajiyarsu. Hajiya ta tambaye shi, ya tabbatar mata. Shekaranjiya ta aiko cewa ranar Juma'a za ta zo ta tafi da yarinyar yaye, in huta. Wa ke yaye a wata goma sha ɗaya? Shi kuma ya ce ba ya jayayya da mahaifiyarsa.

Na warke, likita ma ya faɗa. Amma in na ɗauke ta na tafi gidanmu a Titin Bauchi za su ce ga shi nan ciwon ya tashi, in na yi kuka a gabansu haka, in na yi shiru na miƙa ta ban san ranar da za a dawo min da ita ba. Mutum ɗaya ne zai iya shaidar lafiyata a gidan nan, shi ne kuma ya tona ni. Iyaye mata, in ku ne, ya za ku yi ranar Juma'a?