Diskin da Inna Ta Ƙulle a Haɓar Zane

Madarumfa, Talata

Zuwa ga ƙanwata Farida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da jaririya Hasana. Ya jego? Inna tana gaishe ki, ta ce kwanon dubulan ya iso.

Na rubuto a takarda ne don in na kira ki a waya, duk gidan nan sai ya ji, har kaji. Kayan ordinatar lakwal ɗinmu, wato kwamfutar makaranta, da kika saya mana a Maradi sun zo ranar Asabar. Na haɗa komai da hannuna, ta kama wuta, fanka na juyawa. Na sa kile ɗin, ɗan filashin nan da kika zuba sistem a ciki, aka fara lafiya lau. Da aka zo inda za a zaɓi diskin da za a ɗora sistem a kai, sai ta ce babu diski. Na canza waya, na canza rami, na zargi kuran, wato wutar lantarki, na sake kunnawa ya fi sau goma. Shiru.

Jiya sai na sa turnabis na kwance kusoshi, na buɗe ɗan akwatin diskin. Farida, fanko ne. Babu komai a ciki sai ɗan faranti mai rami. An zare abin a hanya. Kwalin kuwa hannu ɗaya ya bi, na Baba Yusuf direba. Na je tasha na faɗa masa abin da ya dace a gaban mutane. Shugaban tasha ya hana a ba shi saƙo sai an gano gaskiya.

Darakta yana jiran takardun sakamakon yara kafin hutu. Ki nemo mana wani diskin.

Yayanki,
Illo

Maradi, Laraba

Yaya Illo,

Ina gaishe ka da girmamawa, ka gaishe min da Inna da matarka Anti Habiba. Jego da godiya.

Yaya, tambaya ɗaya zan yi, kada ka ji haushi. Takardar da na manna a cikin murfin kwalin, ka karanta ta? Layin farko na ce akwatin fanko yake zuwa. Diskin irin na yanzu ne, es-es-de, bai fi ɗan yatsa tsawo ba, ba irin masu nauyin dutsen niƙa da ka koya da su ba. Shi ake sakawa a ramin farantin nan, a ɗaure da ƴar kusa. Na ji tsoron ya ɓata a kwali, sai na naɗe shi a takarda, na ɗaure da zare, na sa a ƙasan kwanon dubulan Inna, yadda muke yi da duk ƙaramin abu mai daraja. Wannan ma na rubuta.

Da na karanta wasiƙarka sai nono ya tsaya min a bakin yarinya. Baba Yusuf? Shekara huɗu ina karatun sakandare a lise a nan, duk Juma'a shi ke kawo min garin kunu da ƙuli-ƙuli daga gida, ko ɗaya bai taɓa raguwa ba. Da ba don ban yi arba'in ba, da yau na shigo mota.

Ka je ka tambayi Inna.

Ƙanwarka,
Farida

Madarumfa, Juma'a

Farida,

Ina gaisuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga gaskiya: ban karanta takardarki ba. Na gan ta, na gane rubutunki, na ce a raina yarinyar da na koya wa riƙe alli me za ta koya min. Na ajiye ta a gefe, Habiba ta ɗauka ta ɗora tukunya a kai. Na same ta da tabon miya, amma layin farko yana nan sarai.

Na je ɗakin Inna. Ta kwance haɓar zanenta ta fiddo shi daga cikin goro. Ta ce, “Wanga? Ni na ɗauka laya ce ɗiyata ta amso mani saboda ciwon gwiwa. Kuma wallahi na ji sauƙi.” Kwana shida tana yawo da shi, har bakin tabki wajen sayen kifi. Habiba ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi ba.

Na saka shi yadda kika rubuta. Nan take sunansa ya fito. Sistem ya hau, amma duk sanda ordinatar ta mutu ta sake tashi sai ta koma farkon aikin. Sau uku ina zagaye kamar jakin rijiya kafin na koma ga takardarki, na ga layi na shida: a zare kile in ta sake tashi. Na zare. Yanzu tana aiki, ba ko ƙara. Darakta ya tara malamai yana cewa Mushe Illo, wato Malam Illo, gwani ne. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. A tasha ba tambayar Baba Yusuf na yi ba. Na ɗaga fankon akwatin sama na ce a zo a ga amanar Yusuf. Na ce wa ya san shekara nawa yana yi mana haka. Shi kuwa ya cire hularsa ya sake sawa. Tun Litinin ba wanda ya ba shi ko ƙullin yaji, fasinjoji ma suna tsallake motarsa. Ni kuma yanzu ta bayan garake, lambunan nan, nake zagayawa zuwa lakwal don kada in bi ta tasha.

Ke yana jin maganarki. Ki kira shi ki yi masa bayani, ki ce kuskure aka samu a kwalin.

Yayanki,
Illo

Maradi, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi murna ordinatar ta tashi. Ka ce wa Inna zan aiko mata da man zafi na gaskiya.

Ba zan kira shi ba, Yaya, ka yi haƙuri. Ba a kwali aka samu kuskure ba. Baba Yusuf ya san bai ɗauka ba, ba shi ke buƙatar bayani ba. Waɗanda suka ji ka ranar Litinin su ke buƙata, kuma daga bakinka.

Ka girme ni, kai ka kai ni lakwal a kan kekenka. Shi ya sa na san za ka iya.

Farida

Madarumfa, Litinin

Farida,

Na je. Na zaɓi hantsi, lokacin da tasha ta fi cika. Na ɗauki takardarki mai tabon miya, na tsaya daidai inda na tsaya wancan satin, na karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Na faɗi inda aka sami diskin. Masu shayi sun yi ta dariyar layar Inna, wani ya ce ashe mushe ma ba ya karatu. Na bar su, sun yi gaskiya. 

Sai na durƙusa gaban Baba Yusuf na nemi gafara. Ya ɗago ni da sauri, ya ce, “Tashi, mushe, ɗiyanmu na kallo, gobe kai za ka tsaya gabansu. Na yahe, duniya da lahira.” Shugaban tasha ya ce a ci gaba da ba shi saƙo.

Wannan wasiƙar a hannunsa na ba da ita, tare da busasshen kifi da Inna ta aiko miki. Ina ganin magana ta wuce.

Yayanki,
Illo

Maradi, Litinin da yamma

Yaya,

Saƙo ya iso, na gode. Ka kyauta, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne gare ka.

Baba Yusuf da kansa ya kawo har ƙofar gida, ya yi wa Hasana addu'a. Na karɓi ƙullin zan shiga ciki, sai ya ce, “Dakata, ɗiyata. Buɗe ki duba a gabana.” Na ce haba Baba. Ya ce haka zai riƙa yi da kowa yanzu.

Na buɗe. Kifi bakwai ne. Ya tsaya har na gama dubawa, sannan ya tafi.

Ka gaishe da Inna.

Farida