Ranar da Baba Bai Sa Kwat Ba

Talata, 8 ga Afrilu
Gobe jami'ar ofishin gari za ta zo duba Baba. Abin da ta rubuta shi zai nuna matakin da inshorar kula da tsofaffi za ta ba shi. In matakin ya kai, mota za ta riƙa kai shi gidan yini na tsofaffi, a yi masa wanka a can. In bai kai ba, sai dai in ajiye aikina na shagon tofu, wato awara, don hutun da na ɗauka na jinyarsa zai ƙare ƙarshen Yuni. Shekara goma sha tara ina can.

Laraba, 9 ga Afrilu
Tsohon nan zai kashe ni! Mutumin da tun faɗuwarsa sai na tallafe shi yake tashi daga tabarma, yau ya sa na ciro masa kwat ɗinsa na zamanin da yake shugaban tashar jirgin ƙasa. Jami'ar, Malama Kuramochi, ta ce, "Baba, kana iya wanka da kanka?" Ya ce, "Haba yarinya, to wa zai yi mini?" Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya tsaya! Ni kuwa ina gefe ina zuba shayi, baki a rufe.

A bakin ƙofa ta ce, "Ke fa, Chizuru, ya jikinki?" Na ce lafiya lau. Tana fita ya zube, ko maɓalli ya kasa cirewa.

Juma'a, 9 ga Mayu
Takarda ta iso. Mataki mafi ƙasa, babu mota.

Litinin, 12 ga Mayu
Na dire masa miyar miso na ce, "Sannu Baba, ka ci jarrabawa, ni na faɗi." Ya ce, "So kike in zubar da mutuncina a gaban baƙuwa?" Haushi nake ji, kuma kunyar haushin nake ji.

Talata, 20 ga Mayu
Bayana ya riƙe ina ɗago shi daga bahon wanka. Muka zube tare. Mun daɗe a ƙasa, shi tsirara yana rawar sanyi, ni na kasa miƙewa. Na yi kuka. Sai ya jawo tawul ɗinsa ya lulluɓa mini.

Da yamma na nemi ofishin gari ya sake duba shi.

Laraba, 28 ga Mayu
Na rubuta gaskiya a 'yar takarda, har da fitsarin kwance, na ɓoye a aljihu don in miƙa wa Malama Kuramochi a ƙofa in ta dawo yau. Kwat ɗin ma na goge, na san hali.

Ya ƙi sawa. Da kayan barci ya tarbe ta. Kafin ta buɗe jakarta ya ce, "Yarinya, wancan karon ƙarya na yi miki. Ba na iya wanka. Ba na iya tashi. 'Yata ke ɗaga ni, na kuwa karya mata baya. Rubuta." Kunnuwansa suka yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba.

A ƙofa ta sake tambayata ya jikina. Har na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na fasa. Takardar tana nan a aljihuna, ban miƙa ba.

Talata, 1 ga Yuli
Matakin kulawa na biyu! Kwana uku a mako gidan yini, sauran kwanakin mai taimako za ta zo gida. Motar ta iso ƙarfe tara. Yau kam ya sa kwat, ya duba agogo ya ce wa direba, "Ka makara da minti biyu."

Na koma shago. Ƙamshin waken soya mai zafi ya kusa sa ni hawaye. Tsohuwa Tokie mai shagon ta ce, "Ya gida?" Na ce, "Na gaji, Inna. Na daɗe da gajiya." Ta jawo mini kujera, ni kuma na zauna.

Wata uku ina zagin ƙaryar Baba. Ban san a ina na koyi tawa ta "lafiya lau" ba. To, na sani.