Tofin Inna a tafin hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, don ko a gidanmu ba wanda ya san wannan maganar. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni gola ne a wani kulob a nan Bangui, da ƙwallo nake ci, ba ni da wata sana'a. Gidanmu yana unguwar Kilomita Biyar, ta wajen Kokoro. Tun ina ƙarami, duk ranar wasa sai na durƙusa gaban mahaifiyata, Inna, ta kama hannuwana biyu ta kai su dab da bakinta, ta yi addu'a ta tofa, sannan ta shafa su a fuskarta. 'Yan kulob har tsiya suke min, wai Inna ce ke kama fenariti, ni dai tsayuwa kawai nake yi.

Da korona ta shigo aka dakatar da gasa, sai muka riƙa haɗuwa a ɓoye a wani fili a Miskine, wai kada jiki ya mutu. A gida na ce motsa jiki nake zuwa ni kaɗai. Inna ce kawai ta gano, don ta ga safar hannuna a jiƙe. Wata ranar Asabar na tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro, shayi ma ba na jin ɗanɗanonsa. Na sani, wallahi na san alamar korona ce, amma na miƙa mata hannuwan, don ban taɓa shiga raga ba tofinta ba. Ta tofa, ta shafa a fuska, ta ce, "Hannunka da zafi yau." Na ce rana ce.

Bayan mako biyu muka kai ta makwancinta. Ba a yi mata gwaji ba, kowa ya ce zazzaɓi ne da ƙarar kwana. Ni tun ranar, da na buɗe tafin hannuna in yi alwala sai in ji ɗumin numfashinta a kai. Safar tana cikin jaka, na kasa ko taɓa ta.

Yanzu an ce za a dawo da gasa, alhali cutar ba ta tafi ba. Kociya ya kira ni sau uku, mun yi cacar baki, ya ce tsoro ne ya kama ni, in ban zo ba akwai wanda ke jiran ragar. Ban ga laifinsa ba, abokaina duk suna da iyali, zaman ya ishe su.

Abin da ya ɗaga min hankali shi ne Baba. Yana da hawan jini da ciwon suga, ɗakinsa na jikin nawa, kwano ɗaya muke ci. Jiya bayan la'asar ya ce ya ji ana maganar gasa a kasuwa, kada in zauna saboda rashin Inna. Ya ce, "Addu'ar da take maka na haddace ta. Ranar Asabar ka kawo min hannuwan."

Jama'a, in gaya masa abin da ya faru a Miskine, ya kalle ni da wane ido? In bar ƙwallon, in ce masa me? Ko in sake durƙusawa in miƙa hannun nan? Yau Alhamis.