Sunan Babba

Talata, 3 ga Satumba, 2024

Ruwa ya sake cinye gonar shinkafa. Abin da ciyawar kacalla ta bar mini, ambaliya ta kwashe. Ban je dubawa ba, me zan duba.

Ƙafafun 'yata Babba sun ƙara kumbura. In ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Haka na ɗana Umara suka fara kafin ya tafi. Likita ya ce ƙoda ce, sai wankin jini da inji, kuma wankin ba ya ƙarewa. Jirgin kamun kifina na sayar tun watan jiya. Saura koma, ragar kamun kifina, ita ma ta tsufa kamar mai ita.

Da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci nake wannan rubutu. Ba mai karantawa. Ko ya so ma ba zai gane hannuna ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Abdulmannan ya zo, shugaban 'yan acaba na unguwarmu, wanda suka yi sana'a tare da Umara. Ya durƙusa a zaure, wai Baba barka da hutawa. Hutawa!

Wai za su hau babura daga Haɗeja har Legas saboda masu ciwon ƙoda. Kowane mahayi zai ɗauki sunan mara lafiya ɗaya a bayan rigarsa. Akwai 'yan garin nan masu hali a Kano da Abuja da Legas da suka yi alkawari, duk garin da baburan suka isa za su ba da wani abu, a haɗa a biya wanki. Shi da kansa yake so ya ɗauki sunan Babba.

Na ce, bara ce dai aka ɗora wa babur. Ya ce, “Baba, a kira ta duk abin da aka ga dama, in dai za a yi wankin.”

Sharaɗi ɗaya ne. Masu bayarwar sun gaji da sunayen ƙarya, saboda haka sai uwa ko uba ko miji ya tsaya gaban waya a ɗauke shi, ya faɗi sunan mara lafiyar da bakinsa, ya ce tawa ce. Uwarta ta rasu. Mijinta ya tafi cirani kudu, wayarsa ta daina shiga. Saura ni.

Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Juma'a, 6 ga Satumba

Lokacin da Umara ke kwance yana aman jini ina suke? Sai ranar sadakar uku suka zo da babura a jere, suna ta hon kamar ɗaurin aure, suka cika mana lungu da hayaƙi. Ban manta ba.

Litinin, 9 ga Satumba

An yi mata wanki. Ta dawo kamar tsumman da aka matse. Kuɗin koma ne.

Laraba, 11 ga Satumba

Ƙanwata Mairam ta zo daga Kaugama da ƙullin kayanta, ta ce ta zo jinya. Ba ta ko sha ruwa ba ta fara. An riga an kai mata labari.

Ta ce, “Yaya, ka yaudari yaran can amma ni ba za ka yaudare ni ba. Ba Umara ba ne. Sunan ne ba za ka iya faɗa ba.”

Na hau gyaran carbi.

To, tunda daga ni sai takardar nan. 'Yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. Babba nake cewa, ko in ce ke. Ubanmu har ya koma ga Allah bai kira sunan yayanmu ba, ko ranar da aka tsamo gawarsa daga kogi cewa ya yi a kawo yaron nan. Ba a ga hawayensa ba, kuma ba wanda ya ce ba ya son sa. Haka muka tashi. Yanzu da furfurata in tsaya gaban waya, duniya tana kallo, in kira sunan 'yar fari kamar mara kunya? Mutanenmu na Miga su gani, dangin uwarta na Birniwa su gani?

Mairam ta ce, “Kunyar taka za ta wanke mata jini?”

Tun tana ƙarama bakin nan nata ke ja mata duka.

Asabar, 14 ga Satumba

Mairam ta je da kanta ta ce a ɗauke ta, ita gwaggo ce. Sun ce su sun yarda, masu bayarwa ne ba za su yarda ba, tunda uban yana raye kuma yana gari. Ta dawo ta ajiye mini tuwo da ƙarfi har miya ta zube.

Talata, 17 ga Satumba

Ba a yi wanki ba wannan karon. Babu abin sayarwa.

Alhamis, 19 ga Satumba

Abdulmannan ya dawo da manyan ƙungiyarsu. Suka zauna a ƙasa, ban ba su tabarma ba. Ya cire hula. Ya ce sun san sun yi sakaci a kan Umara, sun ɗauka zazzaɓi ne zai tashi, kuma tun ranar da suka binne shi abin bai bar su ba, tafiyar nan ma dominsa suka shirya ta. Ya yi kuka, ƙato da shi.

Su a ganinsu in sun ba ni haƙuri shi ke nan. Na bar su a haka. Ya fi mini sauƙi a ce tsoho mai riƙo ne.

Na ce na ji, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amma a waya ba zan tsaya ba. Wani a cikinsu ya ce a hankali, “Wannan tsoho zuciyarsa dutse ce.” Na ji shi sarai. Kunnen hagu ne ya mutu, ba na dama ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Fuskarta ta kumbura har idanun sun shige. Numfashinta yana wani wari. Na san warin nan.

Na zauna bakin ƙofar ɗakinta ina ɗinkin tsohon takalmi don kada a ce zama na zo yi. Ta ce, “Baba, kada ka matsa wa kanka. Na ce wa Gwaggo ta daina.” Na ce wa ya ce na matsa wa kaina. Ta yi ɗan murmushi. Can ta ce wai tana yarinya takan ɓuya bayan rumbu in ina nemanta, ko zan gaji in kira ta da sunanta. Ban taɓa gajiya ba, in ji ta, sai dai in aiki Umara.

Ban san da wannan ba. Allura ta soke ni a yatsa.

Laraba, 25 ga Satumba

Ruwa ya fara ja. Sauro ya maye gurbinsa.

Ana ta shirin tafiyarsu, gari ya ɗauka. Bakanike yana duba babura kyauta a bakin tasha, wani mai gidan mai ya ce zai cika musu tanki, tela yana ɗinka sunaye a riguna. Na wuce ta wurin, ba don komai ba, hanyar masallaci ce. Riguna rataye a igiya, kowace da sunanta. Sunaye da yawa. Ban san ciwon nan ya ci garin nan haka ba. Na ga na ɗan Malam Abdulfattah mai gyaran rediyo, ashe shi ma.

Ɗaya a ƙarshen igiya ba komai a bayanta. Tela ya ce ta shugaba ce, ya hana a rubuta kowa.

Taurin kai ne kawai. Wa ya sa shi.

Litinin, 30 ga Satumba

An kwantar da ita a asibiti. Ba ta gane Mairam ba da safe, sai da rana ta dawo hayyacinta. Likita ya yi mata wanki ɗaya a kan alkawari, ya ce na gaba ba a hannunsa yake ba.

Asabar za su tashi.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Na gwada faɗin sunan a bakin kogi, ba kowa sai belbelu. Harshena ya ƙi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Goro na fita saya, kuma mai goron kirki a tasha yake. Na tarar da jama'a, babura a jere, liman yana addu'a. Abdulmannan sanye da rigar nan, bayanta fayau. Da ya gan ni sai ya ciro waya ya riƙe ta a ƙasa.

Na ce, kai, ɗaga abin naka kafin in fasa.

Na cire hula, ban san dalili ba. Na ce ni ne Shu'ibu masunci. Na ce 'yata ce, ta fari. Sai na faɗi sunan. Muryar kamar ba tawa ba. Wata tsohuwa ta kama baki, na gan ta, gobe Miga za ta ji. Tela babu lokacin ɗinki, da alƙalamin fenti aka rubuta a bayan Abdulmannan yana tsaye.

Suka tashi da hon ɗinsu. Ban ɗaga musu hannu ba. Goron ma na manta.

Litinin, 7 ga Oktoba

Sun wuce Kaduna. Babur ɗaya ya lalace a hanya, sun ɗaure shi sun ja. An ce alkawarin Kano ya fara shigowa, likita ya sa ta a layin Laraba. Ya ce kada in sa rai da yawa, jikin ya gaji. Ban ce na sa ba.

Har yanzu ban yafe hon ɗin ranar sadakar uku ba, a rubuta wannan.

Mairam ta nuna wa 'yar tawa abin da aka ɗauka a waya. Wai sai ta ce a mayar, a mayar, daidai wurin nan kawai, har caji ya ƙare. Ɓarnar caji. Da na shiga ta rufe fuska da mayafi, ni ma na kalli taga.

'Yata Bashira ta ɗan sha kunu yau.